Ɗana, Kafin Ka Nemi Shugabancin Malamai

Ɗana, idan kai malamin makaranta ne, kuma Allah ya hore maka baki da ƙarfin zuciya, ba za a daɗe ba abokan aikinka za su fara kewaye ka. Wannan ya ce kai ne kake iya tsayawa gaban sakataren ilimi muryarka ba ta rawa, wancan ya ce kai kaɗai ka gane lissafin matakan albashi. Kafin ka ankara maganar takara a reshen ƙungiyar malamai ta taso. Ba zan ce maka kada ka tsaya ba, domin ƙungiyar da mutanen kirki suka guje wa ba ta zama babu mai ita, wasu ne suke kwashe ta. Abin da nake roƙonka shi ne ka ba ni aron kunnenka, ka ji labarin mutumin da ya fara zama a kan wannan kujera a Najeriya, sannan ka auna kanka. Idan ke ce malama mai karanta wannan, 'yata, maganar duk da ke nake yi.

Sunansa Israel Oludotun Ransome-Kuti. An haife shi a Abeokuta ranar 30 ga Afrilu, 1891. Yawancin matasanmu sun san sunan gidan ne ta dalilin ɗansa Fela mawaƙi, kaɗan ne suka san cewa uban shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, wato NUT ɗin nan da ake cire maka kuɗinta duk wata. Na san za ka iya cewa me ya haɗa ka da Bayarabe limamin coci wanda ya rasu tun kafin a haifi mahaifinka. Alli ne ya haɗa ku. Ya tsaya gaban aji kamar yadda kake tsayawa, kuma gidan da kake neman zama maigidansa shi ya haƙa tushensa. Mutum mai hankali yana ɗaukar darasi a duk inda ya same shi.

Mahaifinsa, Josiah Ransome-Kuti, limami ne a cocin Angilika, ya kuma yi suna wajen tsara waƙoƙin ibada da Yarabanci. Ɗan ya yi karatu a Legas da Abeokuta, daga nan ya wuce Kwalejin Fourah Bay da ke Firitawun a Saliyo, wadda a lokacin take ba da digiri ƙarƙashin Jami'ar Durham ta Ingila. Ka tuna a wancan zamani babu jami'a ko ɗaya a Najeriya, masu digiri kuwa ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya dawo da irin wannan takarda ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi. Shi ya koma aji. Bai daɗe ba aka ba shi shugabancin makarantar sakandare ta Ijebu-Ode, ya riƙe ta kimanin shekara 13.

Sai ka san halin da malami yake ciki a wancan lokaci, in ba haka ba ba za ka gane nauyin abin da ya yi ba. A Kudu yawancin makarantu na mishan ne: Angilika, Metodis, Baftis, Katolika. Gwamnatin Turawa tana ba su tallafi ne gwargwadon abin da sufetocinta suka gani, mishan kuma ta biya malamanta. Malamin mishan albashinsa bai kai na takwaransa na makarantar gwamnati ba, kuma ba shi da tabbacin fansho irin nasa. Manajan makaranta, wanda galibi shi ne limamin cocin, yana iya ɗaga shi daga wannan ƙauye ya jefa shi wancan, ko ya sallame shi, ba wanda zai tambayi dalili. Ranar Lahadi ma ba hutu, akwai aikin coci yana jiransa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin koko da manja da gyaɗa ya faɗi warwas, kuɗin shigar gwamnati ya ragu, sai ta tsuke bakin aljihu. Ka san a kan wa tsukewar take ƙarewa. Kowane malami yana kukansa shi kaɗai a ƙauyensa, na Katolika bai san na Metodis ma yana irin kukan ba.

Abin da nake so ka fara lura da shi: Ransome-Kuti ba ya cikin waɗanda wannan hali ya fi ci. Shi shugaban makaranta ne, limami ne, mai digiri ne. A tsarin lokacin ya fi kusa da masu biyan albashi a kan masu karɓa. Da ya yi shiru ba wanda zai ga laifinsa, wataƙila ma manyan cocinsa su ƙara sonsa. Amma ya ɗaure kansa da malamin ƙauye wanda ba shi da kowa.

Kuma bai fara da babban taro ba. A 1926 ya tara hedimastocin ƙasar Ijebu suka kafa 'yar ƙungiyarsu. Shekara guda kafin nan malaman Legas sun kafa tasu ƙarƙashin Rabaran J. O. Lucas. Sai da aka yi shekara biyar ana wasiƙu, ana tafiye-tafiye, ana lallashi, sannan a watan Yulin 1931 aka zauna a Legas aka haɗe waɗannan da wasu ƙananan ƙungiyoyi na garuruwan Kudu, aka haifi NUT, aka zaɓe shi shugaba. Kada ka ɗauka haɗa waɗannan mutane abu ne mai sauƙi. Ɗarikun coci a lokacin suna kishin juna sosai, kowace tana tsaron malamanta kada su cuɗanya da na wata. Wanda ya iya zaunar da su a benci ɗaya a kan maganar aiki, ya bar kowa da aƙidarsa, ya yi aikin da ya fi jawabi dubu. Yau kai ma za ka tarar da irin wannan rarrabuwa a reshenka, sai dai ta sake riga: 'yan firamare da 'yan sakandare, ɗan gari da baƙo, masu digiri da masu NCE, wani lokaci har Musulmi da Kirista. Duk ɗan takarar da ya zo maka da lissafin cin zaɓe a kan ɗayan waɗannan layuka, ka sani yana rushe abin da aka sha wahala aka gina tun 1931. Kai kuma kada ka yarda a ci maka zaɓe ta wannan hanya, ko da ita ce mafi sauƙi.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A 1932 Ransome-Kuti ya koma garinsu ya karɓi shugabancin makarantar sakandare ta Abeokuta, inda shi kansa ya yi karatu. Ya riƙe ta har 1954. Shugabancin ƙungiya kuwa daga 1931 zuwa 1954 ya riƙe shi, shekara 23. Ka ɗora shekarun nan a kan juna ka gani. Duk tsawon lokacin da yake magana da yawun malaman Najeriya, da safe yana harabar makaranta, yara suna layi a gabansa, malamai suna kawo masa matsalolinsu, iyaye suna zuwa neman a ɗaga musu ƙafa a kan kuɗin makaranta. Idan gwamnati ta jinkirta tallafi, a kan teburinsa abin yake fara sauka. Saboda haka in ya zauna da jami'an ilimi na Turawa ba labari yake ba su ba, abin da ya baro a makaranta da safiyar nan yake faɗa. Ba wanda zai iya ce masa ba ka san abin da kake magana a kai ba.

To, ɗana, dubi abin da muke gani yanzu. Na san wani reshe inda aka zaɓi malami haziƙi, mutumin da yara suke rububin ajinsa. Cikin shekara guda ya daina shiga aji, ya ce aikin ƙungiya ya yi masa yawa. Shekara ta biyu sai a ofis ake ganinsa, kuma sai ka cika takarda kafin ka shiga. Wata rana wata malama ta zo daga ƙauye mai nisa, ta hau mashin ta hau mota, da goyo a bayanta, riƙe da fayil ɗin da ya yi laushi don yawan yawo. An cire sunanta daga takardar albashi bayan wata tantancewa, wata huɗu ba ta ji ƙarar alat ba. Ta zauna a benci tun hantsi har aka kira la'asar, ta ci gyaɗar da ta ƙullo a gefen zane, ta ba yaron nono sau uku. Daga ƙarshe aka ce mata kwamared ya wuce taro a babban birnin jiha, ta dawo mako mai zuwa. Kuɗin motar da ya kawo ta rance ne. Ba na cewa mutumin mugu ne. Nisa ne ya yi masa illa. Da har yanzu yana da aji, da ya san abin da wata huɗu babu albashi yake nufi, domin mai zama kusa da shi a ɗakin malamai ne zai riƙa faɗa masa kullum.

Saboda haka idan an zaɓe ka, ka riƙe aji, ko da guda ɗaya ne, ko da sau biyu ne a mako. Ka riƙa kiran rajista da bakinka. Ka rubuta shirin darasinka ka kai wa hedimasta ya sa hannu kamar kowa, ko da yana jin nauyinka. Ranar da alli ya ƙare ka sa hannu a aljihu ka saya, ranar da iska ta yaye kwanon aji ka koyar a gindin bishiya tare da sauran. Za a ce maka doka ta ba ka damar barin aji don aikin ƙungiya. Wataƙila haka ne, amma ba duk abin da aka halatta maka ne yake da amfani gare ka ba.

Za ka ce aikin ƙungiya yana da yawa, wa zai yi shi? Su ma sun gamu da wannan tambaya. NUT ta yi shekara 12 ba ta da sakataren da ya keɓe kansa gaba ɗaya don aikinta, sai a 1943 aka naɗa E. E. Esua, mutumin Kalaba, wanda ya riƙe ofishin har 1964, daga baya ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa. Sakatare ya riƙe takardu da wasiƙu da lissafi, shugaba ya ci gaba da zama malami cikin malamai. Wannan rabon aiki yana da hikima, kuma ina ganin barinsa ne ya jawo mana rabin matsalarmu.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a son taɓawa. A zamanin Ransome-Kuti ba wanda yake cire wa malami kuɗin ƙungiya daga albashi. Sai an bi shi, an gamsar da shi, sannan ya zaro sulensa ya bayar. Idan bai ga amfanin ƙungiya ba, baɗi ba zai biya ba. Wannan ya tilasta wa shugabanni su riƙa zuwa wurin mambobi. Yau kuwa kuɗin yana fita tun kafin albashi ya iso hannun mai shi, ko an yi masa aiki ko ba a yi ba. Tsarin ya ba ƙungiya ƙarfi, ban musa ba, amma ya ɗauke wa shugaba buƙatar neman yardar mutanensa. Tunda doka ba ta tilasta maka ba, kai ka tilasta wa kanka. Duk ƙarshen zangon karatu ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka manna a ɗakin malamai na kowace makaranta da ke ƙarƙashinka, har da kuɗin man fetur da na shayin taro. Amana ce, kuma kuɗin mutanen da wasunsu suke cin bashin masara kafin wata ya ƙare. Allah zai tambaye ka kowace naira.

Kada kuma ka mayar da ƙungiya ta albashi kaɗai. Albashi haƙƙi ne, ƙarin girma haƙƙi ne, kuɗin hutu haƙƙi ne, kuma duk wanda ya ce maka ladan malami sai a Lahira alhali shi yana karɓar nasa a nan, kada ka saurare shi. Amma abin da ya ɗaga darajar Ransome-Kuti shi ne an san shi da kishin ilimin kansa. Lokacin da gwamnatin Ingila ta kafa Kwamitin Elliot a 1943 don duba makomar ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma, 'yan Afirka uku ne a ciki, kuma shi ne daga Najeriya. Daga aikin wannan kwamiti aka samu Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, inda har yau akwai ɗakin kwanan ɗalibai mai sunansa. Mutumin da ake kira irin wannan zama, idan ya dawo ya yi maganar albashi, maganarsa tana da nauyi. Mu kuwa mun bari mutane sun saba jin muryar ƙungiya sai lokacin yajin aiki. Yaro ya gama aji shida bai iya karanta sunansa ba, ba mu kira taro ba. Aji ɗaya ya cika har yara suna zaune a bakin taga, ba mu rubuta takardar koke ba. Sai ranar da za a taɓa mu muke neman iyaye su tsaya mana, alhali ba su taɓa ganin mun tsaya wa 'ya'yansu ba.

Nan ne wuri mafi wuya, don haka ka saurara da kyau. Za a kawo maka malamin da aka zalunta, wannan ka tsaya masa har inda ƙarfinka ya ƙare. Za a kuma kawo maka wanda ba ya zuwa makaranta sai ranar tantancewa, ko wanda wani babba ya cusa shi aikin alhali bai iya abin da zai koyar ba. Shi ma yana biyan kuɗin ƙungiya, shi ma yana da ƙuri'a. Wanda aka cusa ɗin ka nema masa horo, ka matsa wa hukuma ta tura shi ƙaro karatu, domin da yawansu ba laifinsu ba ne. Wanda ba ya zuwa makaranta kuwa ka kira shi gefe ka faɗa masa gaskiya, in ya ƙi ji kada ka sa rigar ƙungiya ka rufe shi. Za ka yi asarar ƙuri'u. Amma ranar da ka shiga ofishin hukuma da fayil a hannunka, za su san ba ka ɗaukar ƙarya.

Yajin aiki kuma makami ne na halal, akwai lokacin da babu wata hanya sai shi. Sai dai kafin ka sa hannu a sanarwar, ka tuna ɗan wa zai zauna a gida. 'Ya'yan waɗanda kake faɗa da su suna makarantun kuɗi, ba za su rasa darasi ko ɗaya ba. Ɗan mai tura ruwa ne zai rasa, da 'yar da in ta yi wata biyu a gida za a ɗora mata talla, wataƙila ba za ta sake komawa aji ba. Idan naka 'ya'yan suna cikin makarantun da za ka rufe, za ka auna abin da ma'aunin gaskiya, kuma iyaye za su yarda da kai. Idan ba sa ciki, to ka ninka taka-tsantsan.

Ba na so ka ɗauka mutumin nan ba shi da aibu. An san shi da tsanani, bulala ba ta nisa da hannunsa, kuma 'ya'yan cikinsa ma ba su tsira ba. Wole Soyinka, wanda ɗan'uwansu ne kuma ya yi karatu a makarantar, ya siffanta shi a littafinsa Aké da sunan da aka fi saninsa da shi, Daodu, mutum mai kwarjini da ake shakka. Wannan gefen ba shi nake so ka ɗauka ba. Mun ga yara da yawa da duka ya kore su daga makaranta har abada. Amma gidansa ya nuna cewa abin da yake faɗa a waje shi ake yi a ciki. Matarsa Funmilayo, wadda ya aura a 1925, malama ce ita ma, ta buɗe wa matan kasuwa ajin yaƙi da jahilci, ta kuma jagoranci matan Abeokuta a gwagwarmayar haraji har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Ɗansu Olikoye ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wani ɗansu Beko likita ne da ya sha ɗauri a kan kare haƙƙin jama'a. 'Ya'yanka suna kallon yadda kake riƙon amanar mutane, kuma abin da suka gani shi za su ɗauka.

Mu a Arewa namu ya zo daga baya, domin a lokacin yawancin makarantunmu na En'e ne da na gwamnati. Malam Aminu Kano, bayan ya koyar a Midil ta Bauchi ya kuma je ƙaro ilimi a Landan, shi ne ya tsaya kai da fata aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya zama sakatarenta. Da siyasa ta ja shi, ya ajiye aikinsa na kwalejin horon malamai ta Maru a 1950, ya rabu da albashinsa, ya shiga jam'iyyar NEPU kowa yana gani. Na kawo wannan ne saboda na san wasu suna neman kujerar ƙungiya don ta zama musu tsani zuwa kansila ko shugabancin ƙaramar hukuma. Neman mulki ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka zauna a teburin sasantawa da gwamna, malamai suna zaton kana ciniki a kan bashin albashinsu, kai kuwa kana ciniki a kan muƙaminka. In siyasa kake so, ka shiga ta ƙofarta da rana tsaka, ka bar wa wani kujerar.

Ransome-Kuti ya ajiye makaranta da ƙungiya a shekara guda, 1954, ya rasu ranar 6 ga Afrilu, 1955. Ƙungiyar ba ta girgiza ba, domin akwai waɗanda suka goge a cikinta. A 1955 shugabancin ya koma hannun Alvan Ikoku, wanda hotonsa yake jikin takardar naira goma, shi ma mai makaranta ne da ya kafa tasa a Arochukwu. Kai ma tun ranar da aka rantsar da kai ka fara jawo matasa biyu ko uku jiki, har da mata, ka riƙa shiga da su wurin sasantawa su ga yadda ake yi. Wa'adinka in ya cika ka sauka, kada ka nemi a gyara maka tsarin mulki, ka koma ajinka gaba ɗaya.

In kuwa ka ci zaɓen, aikin da nake so ka fara da shi ba gyaran ofis ba ne. Ka nemi jerin sunayen malaman reshenka da suka yi ritaya ba a biya su giratuti ba, da iyalan waɗanda suka rasu suna jira. Ba su da ƙuri'a a zaɓenku, ba a cire musu kuɗin ƙungiya kuma, shi ya sa ba mai tuna su. Ka bi su gida-gida, ka karɓi kwafin takardunsu, ka rubuta shekarar da kowa ya ajiye aiki da abin da yake bi. Da wannan fayil za ka shiga zamanka na farko da hukuma, kuma kada ka yarda a wuce zuwa wata magana sai an ba ka ranar da za a fara biya. Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin.